Ladan, Mai Rage wa Shafin Jini Kaya

Kullum da hantsi Malam Ladan yana shagonsa na unguwar Rikoto a Zuru, gaban kwamfuta, yana goge rubutun da wasu suka yi. Shekara tara ke nan yana kula da shafin intanet na ƙungiyarmu ta masu ba da jini, inda ake duba sunan mai bayarwa da lambarsa idan mai haihuwa ta zubar da jini.

Da ya karɓi shafin, ya tarar an cika shi da kod, wato umarnin da waya ke saukewa kafin shafi ya buɗe. Fiye da rabi ba ya aikin komai, ado ne da tarkacen da aka manta. A cikin Zuru shafin na buɗewa. A ƙauye kuwa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai waya ta yi ta juyi. Ya zauna yana shiƙa, tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe. Ran kasuwa kuma ya hau mashin zuwa ƙauyen Kanya da tsohuwar waya, ya gwada. In bai buɗe kafin ya ƙirga goma ba, ya koma ya ƙara ragewa.

Mu 'yan kwamiti mun sha yi masa tsiya, wai ya mai da shafinmu fayau kamar allon da aka wanke. Zakiyyu, manomi daga Kanya, shi ya rufe mana baki. Ya ce ranar da matarsa Asama'u ta haihu jini ya ɓalle, ya danna shafin a wayarsa, sunaye suka fito nan take. Ya ce, "Da ya yi jinkiri, da yanzu ni kaɗai nike renon ɗiyan nan."

Ladan, kai ne gwanin da ba a ganin aikinsa. Yanzu idanunka sun gaji, ka ce ƙarshen wata za ka ajiye aikin. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Amma wallahi hankalina a tashe yake. Tun ba ka tafi ba, an fara zancen sa bidiyon shugabanni a fuskar shafin. Don Allah, duk wanda zai gaje ka, ya yi koyi da kai, ya je ƙauye ya gwada kafin ya ƙara ko layi guda. 'Yata Basira tana aure a Sakaba, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, cikinta wata takwas.