Arzika Mai Goge da Taken "Rijiya Ta Yi Nisa"

Da hantsi za ka same shi ƙofar gidansa a Tawa, yana shafa ƙaro a izgar gogensa, yana yi wa awakin maƙwabta faɗa. Arzika ke nan. Ni dai tun ina yarinya nake jin kiɗansa, kuma wallahi har yau in aka ja taken "Rijiya Ta Yi Nisa" sai idona ya cika.

Taken ba nasa ba ne, kuma bai taɓa cewa nasa ne ba. Wata Buzuwa, Zalika, ita ta fara kaɗa shi can arewa, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Dodo na Affala ya ji, ya ɗora shi a goge, ya ƙara masa sauri don masu rawa. Dodo ya ba ɗansa Yunusu, Yunusu ya ba ɗansa Arzika. Gado ne, ba ya fita gida.

To, ga matsala. Arzika bai haifi namiji ba, kuma tun shekarar 'yancin kai hannunsa ya fara rawa. Kowa ya san taken zai bi shi kabari.

Sai Ciɗo mahauci, magidanci mai 'ya'ya, ya zo ya durƙusa yana so ya koya. Dangi suka yi caa. Ƙanwarsa Sauda ta ce, "Yaya, mahauci? Kiɗin ubanmu?"

Ya ce, "Sauda, Dodo ɗan Zalika ne? Kunne gare shi, shi ad duka."

Kai ne ka haƙura da yatsun da suka saba da wuƙa, Baba Arzika. Kai ne 'yan'uwa suka daina gayyata biki, ba ka fasa ba. Maƙwabta sun shaida irin kukan jakin da gogen nan ya yi kafin ya yi daɗi!

Bana, a wani biki a Bambeye, Ciɗo ya kaɗa taken daga farko har ƙarshe. Sauda, wadda ta rantse ba za ta saurara ba, ita ta fara guɗa.

Mun gode, tsohon makaɗin ƙasar Adar. Ku kuma masu riƙe da wani abu na kakanni, ku duba wanda ke so, ku ba shi tun kuna da rai. Arzika ba ya iya jan goge yanzu, amma jiya ya zauna bakin kasuwa yana jin takensa a hannun wani.