Matar da ta zauna ta kalli yatsan Baba

Kullum da safe Injiniya kan jera tsofaffin wayoyi tara a teburinta a asibitin koyon magana, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa "gwaji, gwaji", sannan ta kara a kunne. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka. Ranar da na fara ganinta, wallahi na ɗauka ita ma jinya ta zo.

Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Likita ta ce ya riƙa naɗar muryarsa a manhajar asibitin, duk wanda ya yi sati biyu bai turo komai ba a ba wani gurbinsa. Muna naɗa, jan ɗigo yana ƙiftawa, amma shiru ne zalla ke isa wurin likita. Saura kwana uku na kai wa Injiniya wayar, don ita ke kula da manhajar, raina a ɓace.

Ta ce manhaja ɗaya aka rubuta wa wayoyi iri biyu, manhajar tana zaton tana ji, alhali wayar ba ta buɗe mata makirfo ba.

"To wa ke ƙarya a cikinsu?" na tambaya.

"Babu," in ji ta. Har yau ban gane wannan ba.

A wayoyinta lafiya lau, a tamu shiru. Sai ta biyo ni gida, ta durƙusa ta gaida Baba, ta goge manhajar ta sake sakawa.

"Baba, yi yadda ka saba."

Rubutu ya fito yana neman izinin makirfo. Kafin mu ƙifta ido Baba ya danna "A'a".

Ni na koya masa. Tsoron 'yan damfara ya sa na ce duk abin da waya ta tambaya ya ƙi. Ashe in an ƙi sau biyu, wayar ba ta ƙara tambaya. Kunya ta rufe ni, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Ta koma ta gyara manhajar, yanzu da baki manhajar ke roƙon izinin. Ma'aikaciyar jinya ta shaida min tsofaffi bakwai aka kusa sallama kan wannan.

Injiniya, ke ce mai bin shiru har gida. Ban san abin da kika taɓa a cikin wayar ba, amma na gode. Masu irin aikinki su riƙa tasowa daga teburi su je su ga mai wayar.

Baba ya ce a gaishe ki. Da bakinsa ya faɗa, sai a gwaji na huɗu maganar ta fito, kuma likita ta ji.