Cigiyar Baƙin Wayar Gidaɗo

Mumuni ɗan kabu-kabu ne a Gazawa har ranar da jaki ya tare masa hanya. Jakin ya tashi lafiya, shi kuwa ya tashi da ɗingishi. Tun daga nan ya kafa tebur a kasuwa da wata tsohuwar kwamfuta, yana sharar wayoyi. In wayarka ta cika, sai ya cire tarkacen da suka shigo tare da manhajojin da ka daɗe da gogewa. Ni dai ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, kuma haƙurin nan haushi yake ba ni.

Wata ranar kasuwa Gidaɗo, wani dattijon makiyayi, ya kawo wayarsa. 'Yarsa Mairama ta haihu a Gidan Rumji, ta turo hoton jaririyar, waya ta ce babu wuri.

"Baffa, abubuwa arba'in da bakwai ne a ciki," in ji Mumuni. "Waɗanda suka kawo su sun tafi, ba mai su. In share?"

Gidaɗo ya dafe wayar. "Ba mai su, ko ba ka san mai su ba? Dabba in ta shigo garkena, sai na yi cigiya kasuwa uku."

Da ni ne, da na latsa na ce hannuna ya zame. Mumuni kuwa sai ya kira Jibrilla mai shela. Jibrilla ya zaga rumfuna yana karanto sunayen da ko shi bai san bakinsu ba, yana cewa duk mai su ya zo da shaida.

Kasuwa ta biyu wani ya taso daga Agiye ya ce biyu nasa ne. Gidaɗo ya tambaye shi alamar kunnensu. Mutumin ya sulale.

Duk makon nan uku dattijon yakan zo ya zauna gefen tebur, yana kallon dishi-dishin hoton da ya ƙi zama fuska. Bai taɓa cewa ya ƙosa ba, amma ko furar da ya sayo ba ya sha.

Kasuwa ta uku ta watse. Gidaɗo ya ce, "To, mun fita haƙƙinsu. Buɗe musu su tafi." Mumuni ya latsa. Wuri ya samu, hoto ya buɗe.

Muka jira ya tsokani jikar kamar yadda kakanni ke yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Goshin Dija ne." Dija matarsa ce, bara ta rasu.

Ya jawo malfa ya rufe fuska. Can ya ce, "Mumuni, wannan tana da mai ita. Kada ka taɓa."