Sabulun Idina da tankin motar Baba

Jiya tankin roba na boksin Baba, tsohuwar motarsa ta kaya, ya fara yoyon fetur a ƙofar gidanmu nan Umdurman. Aka kira Mu'awiya makanike, wanda kullum nake leƙensa ta taga.

Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya kalle ni. Na ce a raina yau zai furta yana so na, kamar a littafi.

"Ya Safiya, akwai sabulu?"

Na ruga na ɗauko mai ƙamshin wardi da nake ɓoyewa don ranar Idi. Na zaci hannu zai wanke.

Wallahi a tsagar tankin ya goge shi kaf!

"Tamam, ya toshe. Gobe ki kawo na wanki, ya fi kamawa."

Gobe fa ya ce! 'Yan'uwa, wannan ba alkawari ba ne?