Layin da Babu Kuɗin Cizo

Malam Sa'idu mai feshi ya shiga ɗakunan kwana a Dutsin-Ma fiye da kowane namiji, kuma ba wanda ya taɓa yarda ya ga shigarsa. Haka sana'ar take. In bazara ta kama, zafi ya fito da kuɗin cizo daga tsagar bango, sai magidanci ya tare shi a hanyar masallaci, ya tambayi lafiyar iyali har da ta awaki, sannan ya sassauta murya: "In ka samu sarari ka leƙo. Amma bar babur ɗinka can bakin titi."

Mutumin Tamawa ne, a ƙasar Kurfi. Da feshin wake ya fara a gonakin mutane, har wani mai sayar da hatsi ya roƙe shi ya gwada maganin a gadonsa. Daga nan ya dawo gari da famfon feshi a baya da tsumma a hanci, ya zama likitan cutar da ba wanda ke da ita.

Gidajen layinsu manne suke, bango ɗaya ke raba kowa da maƙwabcinsa. In ya feshe gidan Alhaji Zubair, ƙwarin da suka tsira sai su bi bango su sauka wajen Labaran tela. In ya bi su can, su yi ƙaura gidan Hajiya Ikilima mai ƙosai. Kafin damina sun zagayo gidan Alhaji, inda aka san su. Sa'idu ya daɗe da gane cewa da zuri'a ɗaya yake yaƙi tun gemunsa na baƙi. Ƙwarin ba su gaji ba. Shi ne tari ya kama, irin wanda ke tsayar da shi a tsakiyar alwala. A asibiti likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce ko ya ajiye famfo ko famfo ya ajiye shi.

"Ka dai ji," in ji matarsa Rekiya.

"Na ji. Bari in gama da layin nan a yini ɗaya, su rasa inda za su gudu, sai in rataye shi."

"Malam, wa zai fito da katifarsa maƙwabci na kallo?"

Gaskiyarta. Da ya kai wa Alhaji Zubair maganar, sai Alhaji ya gyara hula. "Mu ai ba mu da su. Wancan karon ma baƙi ne suka zo da su a jaka. Amma duba wajen Labaran, tsumma ya yi masa yawa." Labaran bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Ni? Wa ya ce maka? Ka ga hannun Alhaji kuwa? Sai susa yake a sahun gaba a masallaci." Hajiya Ikilima kuwa cewa ta yi ƙuraje ne na zafi, kowa na yi.

Sai Sa'idu ya sake zagayowa, a gajiye, ya ce wa kowannensu ya san gidansa tsaf yake. Rigakafi ne kawai, saboda maƙwabci. A haka kowa ya yarda, don taimakon maƙwabci lada ne. Ranar aikin aka fito da katifu da tabarmi da matasan kai aka shanya a rana, layin ya koma kamar kasuwar gwanjo, kowa na kallon kayan wani yana girgiza kai. Sa'idu ya feshe bango da ƙafafun gado, ya sa aka liƙe tsagogi da siminti. Da la'asar ya dawo yana jan numfashi kamar zugazugi, ya miƙa wa Rekiya famfon. Ta wanke shi, ta ba ƙanenta ya kai Tamawa kafin mijin ya canza shawara.

Gida ɗaya ne ba a feshe ba, na ƙarshen layi, nasa. Rekiya ta tuna masa tun da safen ranar, ya ce haba, gidan mai feshi? Mutane su ce me?

Ba a jima ba ta kira shi ɗaki, ta ɗaga bakin katifa ta nuna masa ɗinkin. Suna nan jere, manya da ƙanana, ba wanda ya rame.

Ya daɗe yana kallo. "A aika Tamawa a karɓo famfon."

"Ba za a aika ba. Ƙirji ɗaya gare ka." Ta riga ta ɗora tukunya. "Kama min gadon nan."

Suka fito da shi tsakar gida, tana kwarara tafasasshen ruwa a kowane lungu na katako, shi kuma ya ja katifar zuwa ƙofar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ya zauna gefenta yana tari. Labaran tela ya zo wucewa, ya rage tafiya.

"Malam Sa'idu, lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji Sa'idu. "Rigakafi ne. Saboda maƙwabta."