Ciyayya a Birnin Fas

A Gangara ta ƙasar Damargu na girma, a hannun kakata Iya Tambara, tsohuwa mai baki wadda ba ta raga wa kowa. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo sai ta tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gujiya a toka. Ni take fara tsokana: "Matso, maigida. Miji sai ci, ba cefane." Daga nan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi ba a maimaita mishi."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta matafiya uku da suka ɓace wa ayari a arewacin Tanut. Ɗaya yana da garin gero, ɗaya cuku, ɗaya dabino. Kowa yana kunyar a ga ƙanƙantar guzurinsa, saboda haka in an sauka sai ya zaga bayan raƙuminsa ya ci a ɓoye, ya dawo yana cewa ya ƙoshi. Mai gari yana shaƙewa, mai cuku muƙamuƙinsa ya gaji, mai dabino ƙishi ya dame shi, duk suna ta ramewa. Rannan mai gari ya kwance jakarsa a gabansu ya ce, "Ga iyakar abin da gare ni." Sauran suka sunkuyar da kai, suka fito da nasu. Aka haɗa aka dama gumba, suka sha, suka samu ƙarfin kaiwa rijiya.

"Wa ya cece su?" in ji Iya. Mukan haɗa baki mu ce mai dabino, don shi ya kawo zaƙi. Sai ta yi tsaki: "Ku ji sakarkaru!"

Bayan shekaru na samu bursa, wato tallafin kuɗin karatu, na tafi karatu Maroko, birnin Fas. Kuɗin ba ya kai mu ƙarshen wata, ga shi mun iso da ƙauyanci, muna sayen komai ƙulli-ƙulli a babban kanti mai tsada. Ɗakinmu ɗaya da Zabeiru, ɗan Belbeji mai karatun likita, ga Musa ɗan Tarka a maƙwabta. Kowa da 'yar tukunyarsa, kowa yana rufe akwatinsa. In ka tambayi mutum, sai ya ce alhamdulillahi ya ci. Mu mutanen Damargu gara yunwa ta kada mu da a ji.

Ta kuwa kada Zabeiru, a tsakiyar aji. Da ya dawo ya fara haɗa kaya. "Gida za ni," ya ce. "Ba a karatu da burodi da ruwan shayi."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don duk cikinmu babu mai ƙwaƙwalwarsa. Na jawo akwatina na zazzage a tsakar ɗaki: ragowar shinkafa da rabin kwalbar mai. Kunya kamar in nutse. Na ce, "Ɗan'uwa, ni ma tun jiya ban ɗora tukunya ba."

Sai ya fiddo ƙullin kuka da daddawa da innarsa ta ba shi, waɗanda ya rasa abin da zai ci da su. Musa ya shigo da yaji da albasa. Ranar muka yi ciyayya irin ta ƙofar gida, muka ci har muka yi gumi.

Daga nan muka haɗa cefane. Muka daina zuwa kanti, muna sayen shinkafa buhu guda, muna shiga kasuwar unguwa dab da tashi, lokacin da masu tumatir da kifi suke karyar da kaya. Musa ya ƙware a ciniki har 'yan kasuwa suna dariya in sun hango shi. Wata ya riƙa ƙarewa da sauran abinci a buhu. Zabeiru ya kwance kayansa, kuma yau likita ne, yana duba mutanenmu a Damagaram.

Da ina yaro na ɗauka Iya tana koya mana kyauta ne. Sai a Fas na gane kyauta ba ta da wuya, kowa yana son a ga yana bayarwa. Abin da ke da wuya shi ne ka fara nuna wa ɗan'uwanka cewa ba ka da shi. Ranar da Zabeiru ya karɓi takardar shaidarsa ya rungume ni yana kuka, na ce masa ya daina gode mini, ragowar shinkafa da rabin kwalbar mai kawai na kawo.