Ranar da Mama Ta Sa Na Kashe Kayan Sautina

Ko da zan manta duk bukukuwan da na kai wa kayan sauti a garin Jos, ba zan manta ranar da aka yaye matata daga koyon ɗinki a unguwar Kabong ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ɗora hannu a kan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, sai abin ya faɗo mini.

Sana'ata ba da hayar kayan sauti ce. Ina da ɗan shago ta bayan kasuwar Taminus, kuma a lokacin ba a san ni da komai ba sai ƙara. In na kafa sifikoki a unguwa, sai unguwar gaba ta san ana biki. Karatuna bai yi nisa ba, aikin ma da gani na koya, kuma na ɗauka wanda ya fi kowa ƙara shi ya fi kowa iyawa. Akwai wani ɗan maɓalli a saman kowane layi na mikisa, mu masu aikin muna ce masa geyin. Shi ba bolum ba ne. Bolum ƙarfin abin da ke fita yake ƙarawa, shi kuwa geyin kunnen makirufo yake buɗewa, ya sa ya ƙara ɗaukar duk abin da ke kewaye da shi. Kalmar dai ita 'yan kasuwa ke faɗa in sun ci riba, ita kuma ma'aikatan asibiti ke faɗa in jariri ya ƙara nauyi a sikeli. Ni kuwa duk abu ɗaya na ɗauke su: tunda ƙari ne, ai alheri ne. Hannuna wajen ƙari kawai ya san murɗawa.

Matar da ta koya wa matata ɗinki Bayarbiya ce, Kirista, kowa Mama yake ce mata. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita Jos, Hausarta kuma irin ta nan garin ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. A al'adarsu ɗaliba ba ta buɗe shagon kanta sai an yi mata abin da suke kira firidom. A tara mutane, uwar ɗakin ta miƙa mata almakashi da tef ɗin awo, ta sallame ta da bakinta, ta sa mata albarka kowa na ji. Takardar shaida ana bayarwa, amma ba ita ce abin ba. Bakin ne. Matata ta yi shekaru tana jiran wannan rana, kekenta na ɗinki yana ɗaki a lulluɓe, ta ƙi karɓar aikin kowa da sunanta.

Ana shirin bikin ciwo ya kama Mama a maƙogwaro. Aka yi mata aiki, ta tashi, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa. Ta rame ƙwarai. Ba wanda ya faɗa a fili, sai dai kowa ya san waɗannan su ne ɗalibanta na ƙarshe.

Matata ta ce mini, "Baban yara, kana ganin za a ji ta kuwa?"

Na ce, "Ke dai ki shirya ankonki. Ko numfashi ta yi sai an ji shi a bakin titi."

Na faɗi haka ne don in kwantar mata da hankali, amma gaskiya har da son a yaba mini. Na san iyalan ɗaliban za su zo, na san akwai masu bukukuwa a gaba. Sai na kwaso manyan sifikokina gaba ɗaya na kai wani tsakar gida da bai fi a shanya kayan wanki ba, na jera su har bayan kujerar Mama, inda duk mai hankali a aikin nan ya san ba a sa su.

Da hantsi gida ya cika. Ɗalibai sun sha anko iri ɗaya, wasu da gyale, wasu da ɗaurin kai irin na coci. An jera zuma da gishiri da goro a kan tebur, ga almakasai sababbi a gefe. Janaretana na ruri a bakin ƙofa, mata na kwasar shinkafa a bayan gida, injin markaɗen maƙwabta na ta aikinsa. Na saki kiɗa har kwanon rufi na rawa. Babban ɗan Mama, wani ma'aikacin gwamnati da ya zo daga Kuru, shi ne mai gabatarwa, kuma muryarsa ta fita tas. Ina ta hura hanci.

Sai aka miƙa wa Mama makirufo. Bakinta ya motsa, ba a ji komai ba. Na murɗa geyin. Sifikoki suka fara kawo rurin janareta da ƙarar cokula, muryarta kuwa na can ƙasa. Na ƙara murɗawa. Wata irin ƙara ta tsage gidan, irin wadda ke shiga har haƙori. Jarirai suka fashe da kuka, Mama ta saki makirufo a cinyarta ta toshe kunnuwa. Na rage, na sake ɗagawa a hankali, ta sake gwadawa, ƙarar ta dawo fiye da ta farko. Wani dattijo daga baya ya ce, "Oga mai sauti, mu ma so kake a kai mu asibitin?" Aka yi 'yar dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin garin.

Mama ta fara tari. Ɗanta ya karɓe makirufo ya ce, "Jama'a a yi haƙuri. Mama ta gaji. Za a raba takardu yau, addu'ar kuma a bari sai ta ƙara samun sauƙi."

Gidan ya yi wani iri. Na dubi matata a cikin layin ɗalibai. Ba ta harare ni ba, da ma hararar ta yi da ya fi mini sauƙi. Ƙasa kawai take kallo, tana murza bakin gyalenta.

Sai na ga Mama ta ɗaga hannu tana yafito ni. Na je na durƙusa, sai da na kai kunnena daf da bakinta kafin na ji.

Ta ce, "Surukina, abin da kake murɗawa, me yake yi?"

Na ce, "Mama, kunne yake ƙara wa makirufo."

"Ni kaɗai yake ji?"

"A'a Mama. Yana jin inji, yana jin mutane. Har sifikar da ke bayanki yake ji, shi ya sa yake ihu."

Ta yi murmushi. "Ashe ɗan gulma ne." Ta huta, ta haɗiye yawu da ƙyar. "Ni ba Taminus nake so a ji ni ba. Yaran nan ne. Kashe duka."

Na ce, "Duka, Mama?"

"Har injin. Kai Allah ya ba ka murya, je ka ce su matso."

Ban taɓa jin nauyin tafiya irin wadda na yi zuwa bakin ƙofar nan ba. A gaban mutanen da na zo burgewa na kashe janaretana da hannuna. Na tsaya tsakiyar gida ba makirufo, na ce Mama ta ce a matso. Ɗanta ya so ya hana, ta girgiza masa kai, ya koma ya zauna. Mutane suka jawo kujeru, matasa suka zauna a ƙasa, masu rabon abinci suka ajiye faranti suka fito. Wata mata ta leƙa ta katanga ta yi magana, injin markaɗe ya tsaya. Masu jarirai suka sa su a nono. Ban san gida cike da mutane zai iya yin shiru haka ba.

Mama ta fara kiran ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta durƙusa, ta ɗanɗana mata zuma da gishiri, ta damƙa mata almakashi. Muryar raɗa ce, tana yankewa, amma wallahi har na bakin ƙofa yana ji, domin kowa ya miƙa kunnensa. Kowace da irin maganar da ta yi mata. Wata ta ce mata ta rage fushi da kwastoma, wata ta ce ta daina cin gyaɗa a kan leshin mutane, aka yi dariya ƙasa-ƙasa don kada a rasa abin da zai biyo.

Da aka zo kan matata, Mama ta riƙe hannunta ta daɗe.

"Wannan, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya sai ya zo," in ji ta. "Da nake kwance, shi ya riƙe shago, bai taɓa ce wa kowa shi ne oga ba. Na sallame ka, 'yata. Hannunka ya yi albarka. Kar ka karɓi ɗinkin sallah da ba za ka gama ba." Sai ta ɗago ido ta nemo ni. "Mijinka kuma yana da surutu, amma yana jin magana. Ka yi haƙuri da shi."

Nan kam dariya ta ƙwace wa kowa, har da matata da hawaye ke zuba a fuskarta. Ni ban ma san ita ta riƙe shagon ba. Tana dawowa gida a gajiye, ni ina ba ta labarin bukukuwana.

Mama ba ta ga damina ta gaba ba. Da an ɗaga addu'ar nan, da shi ke nan. Na je jana'izarta, kuma ni na kai kayan sauti, ƙananan sifikoki kawai, an ji kowa ba tare da an toshe kunne ba.

Na yi aiki da manyan malamai da mawaƙa, ban ga wanda ya riƙe taro kamar tsohuwar nan da ba ta da murya ba. Ba ta san komai a kan na'ura ba, ta dai san waɗanda take so su ji ta. Abin da na koya a wurinta shi ne ba kowane ƙari ne riba ba, domin abin da ka ƙara wa ƙarfi ba ya zaɓar mai kyau ya bar maras kyau. Yanzu in aka miƙa wa mai ƙaramar murya makirufo, ba na fara kai hannu kan maɓalli. Sai na duba tukuna me ke hana a ji shi, kuma sau da yawa, a wurin aiki ko a gida, ni ne.